Amsa kan canza ƙotar bindigar farauta mai dukan kafaɗa

Assalamu alaikum. Sarkin Baka, Allah ya ja zamaninka, da sauran 'yan'uwa na wannan zaure, ina yi wa kowa fatan alheri. Na saurari tambayar ƙanenmu, wanda ya ce bindigarsa ƙirar Baikal ce mai baki ɗaya, tana dukan kafaɗarsa har ta yi tsami, tana kuma bugun kuncinsa, shi ya sa yake so a cire ƙotar katakon a sa masa ta roba irin wadda ake shigowa da ita daga waje.

Ƙanena, kafin ka kashe ko sisi, ina so ka san cewa ƙota ba ta rage ƙarfin da harsashi ke turo bindiga baya da shi. Wannan ƙarfi yana fitowa ne daga nauyin dalmar da ke cikin harsashi, da gudun da take fita da shi, da kuma nauyin bindigar kanta. Aikin ƙota shi ne ta zaɓi wurin da dukan zai sauka a jikinka da yadda zai sauka. Saboda haka ƙotar roba mai tsada wadda ba ta dace da jikinka ba za ta dake ka fiye da tsohon katakon da aka gyara daidai da tsawon hannunka.

Irin bindigar da kake riƙe da ita, wadda ake ƙerawa a garin Izhevsk na ƙasar Rasha tun shekarun 1960, nauyinta bai kai kilo 3 ba. Rashin nauyin nan ne ya sa maharba suke ƙaunarta, domin mutum zai yini da ita a daji yana bin zabi da makwarwa ba tare da ta gajiyar da shi ba, amma kuma shi ne dalilin dukan. Idan bindiga mai kilo 2.8 ta koma kilo 3.2, ƙarfin dukan zai ragu da kashi ɗaya cikin takwas. To, yawancin ƙotocin roba cikinsu fanko ne, wasu ma sun fi katako rashin nauyi, ka ga kenan kana iya sayen ƙarin wahala da kuɗinka.

Abu na farko da za ka auna shi ne tsawo, wato daga kunama zuwa tsakiyar gindin bindiga. A irin waɗannan bindigogi yakan kai inci 14 zuwa 14 da rabi, kuma an yanke shi ne don mutum matsakaici. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka sa rigar da kake shiga daji da ita, ka rufe ido ka ɗaga bindigar kamar za ka harba, sannan ka buɗe idon. Idan tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ya riƙe wuyan ƙota akwai faɗin yatsu biyu zuwa uku, tsawon ya yi. Idan yatsan yana taɓa hancinka, ƙotar ta yi maka gajarta, kuma duk harbi sai hannunka ya naushe ka a fuska. Idan kuma ta yi tsawo, gindin ba zai shiga lungun nan mai tsoka da ke tsakanin ƙirji da kafaɗa ba, sai ya zame zuwa damtse, inda babu abin da zai tare dukan. Awon da wasu ke yi na ɗora gindin bindiga a gwiwar hannu don ganin ko yatsa ya kai kunama ba ya wadatarwa, domin bai yi la'akari da tsawon wuya da faɗin ƙirji ba.

Maganar kunci kuwa, a nan nake zargin matsalarka take. Ƙotar da ta sunkuya ƙasa sosai tana sa bakin bindiga ya yi tsalle sama lokacin harbi, domin layin bututun yana sama da wurin da kafaɗa ta tokare, kuma wannan tsallen ne yake kawo doron ƙotar ya mari kunci. Mai harbi kan ɗaga kansa kaɗan don ya ga saiti, sai a sami rata tsakanin fuska da katako, ratar kuma ita ce take ba katakon damar ɗaukar gudu kafin ya iso. Doron da ya miƙe, wanda kunci zai kwanta a kansa sosai ido yana kallon tsakiyar bututu, yana tura dukan baya kai tsaye zuwa kafaɗa. Sau da yawa ɗinka fata mai kauri a kan doron yana magance wannan ba tare da an canza komai ba.

Sai faifan gindi. Wanda ke zuwa da waɗannan bindigogi yawanci busasshiyar roba ce siririya wadda ba ta lotsawa. Matashin roba mai laushi mai kaurin inci 1, irin na kamfanin Pachmayr ko Limbsaver, yana shimfiɗa dukan a kan lokaci mai ɗan tsawo, sai naushi ya koma turi. Amma idan za a sa shi, a yanke inci 1 daga katakon, in ba haka ba tsawon da ka auna ya lalace.

Idan duk da haka ƙotar ta tsage ko gara ta ci ta, dole a sassaƙa sabuwa, ni katako zan zaɓa. Turawa sun fi amfani da icen gyaɗar ƙasarsu da ake kira walnot, mu kuwa muna da maɗaci da maɗobiya, masu ƙarfi da nauyi mai amfani. Sharaɗin shi ne icen ya bushe ƙwarai a inuwa, domin ɗanyen katako da aka sassaƙa da damina zai motse da hunturu, ya saki ƙarfe, bindiga ta fara girgiɗi. A kuma lura jijiyar icen ta bi tsawon wuyan ƙota ba ta gitta shi ba, saboda nan ne wuri mafi siranta kuma nan ƙota take karyewa. Inda katako ya haɗu da ƙarfe ya zauna daram ta kowane gefe, a ɗaure dogon notin da ke ratsa cikin ƙotar sosai ba tare da an matse shi har ya tsaga icen ba, a sake duba shi bayan harbin farko.

Aikin nan a kai shi wurin mai gyaran da yake da izini, domin dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ba ta yarda da gyaran bindiga ba sai da izinin 'yan sanda, kuma kada a taɓa lambar da ke jikin ƙarfen, wadda ita ce a takardar lasisinka.

Kafin ka je ma, ka duba kwalin harsashinka. Idan mai dalma giram 36 kake sakawa don harbin zabo da zomo, ka koma mai giram 28 ko 30. A gudu iri ɗaya, sauka daga 36 zuwa 28 kaɗai yana rage dukan da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ya ishi irin naman da kake bi. Ka gwada wannan tare da fatar doro da matashin gindi, ka turo mana awon da ka samu tsakanin hanci da yatsa, sannan mu duba ko akwai buƙatar kiran masassaƙi. Wassalamu alaikum.