Tambayoyinku: Yadda Yaƙin Shekara 20 na Afganistan Ya Kasance

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan yaƙin da Amurka da ƙawayenta suka gwabza da Taliban daga 2001 zuwa 2021.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Zariya, kuma ɗalibaina sun tsare ni da wata tambaya da nake neman ku taimaka mini a kanta. Yaya aka yi ƙasashe kusan 50, da jiragen yaƙi da motocin sulke da ɗimbin kuɗi, suka kasa murƙushe mayaƙan da yawancinsu bindiga da babur kawai suka mallaka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya kamata ɗalibanka su fara sani shi ne, a fagen daga inda runduna ke fuskantar runduna, Taliban ba ta yi wani kataɓus ba. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, wanda ya hallaka mutum kusan 3,000 a Amurka, gwamnatin George Bush ta nemi a miƙa mata Usama bin Laden, jagoran Alƙa'ida da ke zaune a Afganistan, amma shugaban Taliban Mulla Muhammad Umar ya ƙi. Amurka da Birtaniya suka fara luguden wuta ranar 7 ga Oktoba, mayaƙan Ƙawancen Arewa, waɗanda dama can abokan gabar Taliban ne, suka shiga Kabul ranar 13 ga Nuwamba, a farkon Disamba kuma Kandahar, cibiyar ƙungiyar, ta faɗi. Cikin wata biyu aka kammala wannan. Sauran shekarun duka sun tafi ne wajen ƙoƙarin kafa gwamnatin da mutanen karkara za su amince da ita, kuma a nan gizo ke saƙa.

A taron da aka yi a birnin Bonn na Jamus cikin Disamban 2001, inda aka zaɓi Hamid Karzai shugaban riƙon ƙwarya, ba a gayyaci Taliban ba, domin ana ganin tata ta riga ta ƙare. Muƙaman gwamnoni da na shugabannin 'yan sanda a larduna da dama suka faɗa hannun tsofaffin madugan yaƙi, wato mutanen da zaluncinsu a farkon shekarun 1990 ya sa jama'a suka yi maraba da Taliban tun asali. Wasu daga cikinsu suka gano cewa hanya mafi sauƙi ta gamawa da abokin hamayya a rikicin fili ko na dangi ita ce a raɗa wa Amurkawa cewa ɗan Taliban ne. Sai a fasa masa gida da tsakar dare a gaban iyalinsa, a wuce da shi kurkukun Bagram. Jiragen yaƙi kuma sun sha jefa bam a kan taron biki, kamar yadda ya faru a lardin Uruzgan a watan Yulin 2002. A al'adar Pashtun, ƙabilar da akasarin 'yan Taliban suka fito, ɗaukar fansa nauyi ne da ke kan dangi baki ɗaya, saboda haka kowane irin wannan kuskure yakan samar wa Taliban sababbin mayaƙa.

A watan Maris na 2003 Amurka ta mamaye Iraƙi, hankalinta da kayan yaƙinta suka karkata can, shugabannin Taliban kuwa suka samu sararin sake ɗaura ɗamara a birnin Kwetta na Pakistan. Iyakar Afganistan da Pakistan, wadda Turawan Ingila suka shata a 1893, ta ratsa tsakiyar ƙabilar Pashtun, tsawonta ya haura kilomita 2,400, kuma yawancinta tsaunuka ne. Mayaƙi yakan yi yaƙi a lokacin zafi, idan sanyi ya shigo ya tsallaka ya huta, a yi masa jinyar rauninsa, shekara ta zagayo ya dawo. Dakarun ƙawance ba su da izinin bin sa, kuma ba su iya matsa wa Pakistan lamba yadda suke so, domin yawancin mai da abincinsu ta tashar jiragen ruwa ta Karachi suke shigowa. Shi kansa bin Laden a Pakistan aka kashe shi, a garin Abbottabad, ranar 2 ga Mayun 2011.

Makamin da ya fi salwantar da rayukan sojojin ƙawance ba wani abin a zo a gani ba ne. Nakiya ce ta haɗin gida, wadda ake ɗurawa a jarkar man girki a binne a gefen hanya; kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma tana iya tarwatsa motar sulke ta ɗaruruwan dubban daloli.

Sai dai a ganina, abin da ya fi komai tasiri shi ne shari'a. Manomi a lardin Helmand da ke rikici da maƙwabcinsa a kan gona ko ruwan ban-ruwa, idan ya kai ƙara kotun gwamnati sai ya yi ta zarya wata da watanni, yana ba da na goro tun daga magatakarda har alƙali, a ƙarshe mai kuɗi ya yi galaba. Alƙalin Taliban kuwa yakan zo ƙauyen a kan babur, ya zauna a masallaci, ya saurari kowane ɓangare, ya yanke hukunci cikin 'yan kwanaki, kuma babu mai ƙarfin halin ƙin bi. Wannan ba wanke ƙungiyar ba ne. Ta kashe malaman makaranta da dattawan da suka bijire mata, ta tura 'yan ƙunar baƙin wake cikin kasuwanni, kuma a mafi yawan shekarun yaƙin rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ɗora alhakin akasarin fararen hular da aka kashe a kan masu tayar da ƙayar baya. Amma talakan da ke tsakanin gwamnati mai tatsarsa da ƙungiya mai tsoratar da shi yakan duba wanda zai tarar a ƙauyen gobe. Da Barack Obama ya sanar da ƙarin dakaru 30,000 a Disamban 2009, abin da ya kai yawan sojojin Amurka kusan 100,000, a cikin jawabin nan ya ce za a fara janye su a Yulin 2011. Duk wani dagaci a Afganistan ya ji wannan, kuma ya yi lissafinsa.

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Ni 'yar kasuwa ce a Maraɗi. An ce sojojin gwamnatin Afganistan sun kai 300,000, amma cikin kwana 10 Taliban ta kwashe ƙasar. Shin sayar da su aka yi, ko kuwa tsoro ne?

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Wannan adadi a takarda yake, kuma ya haɗa da 'yan sanda. Da yawa daga cikin sunayen na sojojin bogi ne, irin ma'aikatan bogin da muka sani a ma'aikatunmu, waɗanda kwamandoji ke karɓar albashinsu. Amurka ta kashe fiye da dala biliyan 80 wajen gina wannan runduna, amma ta gina ta ne a kan tsarin tata rundunar, wadda ba ta motsi sai da jiragen sama masu kai mata harsashi da abinci, su kwashe raunanni, su kawo ɗauki idan an yi mata ƙawanya. Gyaran jiragen kuwa yana hannun 'yan kwangila na ƙasashen waje.

Ranar 29 ga Fabrairun 2020, a birnin Doha na Ƙatar, wakilin Amurka Zalmay Khalilzad da Mulla Abdul Gani Baradar na Taliban suka sa hannu a kan yarjejeniyar janye dakaru, ba tare da gwamnatin Afganistan ta Shugaba Ashraf Gani a teburin ba, har aka tilasta mata sakin fursunonin Taliban 5,000. Daga nan Taliban ta shiga aika dattawan ƙauyuka zuwa ƙananan sansanonin soja da saƙon cewa duk wanda ya ajiye makami za a bar shi ya koma gida. Sojan da ya yi watanni ba albashi, harsashinsa ya kusa ƙarewa, jirgi ya daina zuwa, ya kuma ji labarin Amurkawa sun fice daga sansanin Bagram cikin dare a farkon Yulin 2021, me ake so ya yi? Babban birnin lardi na farko, Zaranj, ya faɗi ranar 6 ga Agusta, ranar 15 ga watan kuma Gani ya tsere, Taliban ta shiga Kabul kusan ba tare da harbi ba.

Kalmar tsoro kuwa ba ta dace da su ba. Sojoji da 'yan sandan Afganistan fiye da 60,000 ne suka rasa rayukansu a wannan yaƙi, yayin da Amurka ta rasa kimanin 2,400, Birtaniya 457, fararen hula kuma an ƙiyasta sun haura 46,000. Ga wani abin lura daga tarihin ƙasar: bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun fice a Fabrairun 1989, gwamnatin Najibullah da suka bari ta yi shekara uku a tsaye, ba ta faɗi ba sai a 1992, bayan da kuɗi da mai suka daina zuwa daga Mosko.

TAMBAYA: Daga Agadas nake rubuto muku. Abin da ya samu Faransa a yankinmu na Sahel daidai yake da na Amurka a Afganistan?

AMSA: Akwai kama, Malam, musamman a farawa. Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, cikin makonni kaɗan ta karɓe Gao da Timbuktu, daga nan yaƙin ya koma daji ya bazu zuwa Burkina Faso da Nijar, har ta janye daga Mali a Agustan 2022, daga Nijar a Disamban 2023, Amurka ma ta bar sansaninta na garinku a 2024. Amma bambancin yana da yawa. Taliban ta taɓa mulkin ƙasa daga 1996 zuwa 2001, tana da shugabanci guda, alhali ƙungiyoyin Sahel biyu mafi ƙarfi, mai biyayya ga Alƙa'ida da mai biyayya ga IS, suna yaƙar juna. Sannan gwamnatocin soja ne suka sallami Faransawa, kuma a lokacin da suka fita Bamako da Wagadugu da Yamai suna hannun gwamnati. Girman rundunonin ma ba ɗaya ba ne, domin a Afganistan dakarun ƙawance sun kai kimanin 130,000 a ƙasa guda, rundunar Barkhane ta Faransa kuwa ko a ganiyarta sojojinta 5,000 ne da ɗoriya, a yankin da ya haɗa ƙasashe biyar.