Linzamin Yana Hannun Wa? Amsoshinku Kan Kalmomin Yaƙin Sama

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan kalmomin da ake ji a labaran yaƙin Rasha da Yukiren suka tsaya. Ga abin da ya sawwaƙa.

Wani ɗalibi daga Kawo: Malam, me ya haɗa makami da linzami?

Ɗana, ka je Zariya ranar hawan sallah ka tsaya kusa da doki. Ƙarfen nan da ke cikin bakinsa, wanda mahayi ke ja ya tsaya cak ko ya karkata, shi ne linzami, kuma daga Larabci muka aro kalmar. Wanda ya fara cewa "makami mai linzami" ya san Hausa, domin makamin nan ba jifa ba ne irin na dutse. Akwai na'ura a cikinsa da ke gyara masa hanya har ya isa inda aka saita shi. Kalibr da Rasha ke harbowa daga Bahar Aswad haka yake, Iskander ma haka.

Abin da ke damuna shi ne wasu masu karanta labarai sun mai da kalmar buhun zuba komai. Rokar Grad, wadda ake watsawa da yawa daga bayan mota ta faɗi inda ta faɗi, ba ta da linzami, roka ce kawai. Bambancin ba na ƙwalisa ba ne. In ka ce makami mai linzami ya faɗa kan gidan kwanan jama'a a biranen Yukiren irin su Kiyef ko Karkif, kalmar da kanta ta ɗora tambaya: wa ke riƙe da linzamin? Doki mai linzami ba ya shiga gonar mutane a ce laifin doki ne.

Wata malama daga Unguwar Rimi: "mara matuƙi" ko "maras matuƙi"?

Duka biyun Hausa ce, malama. Jam'in ne ake ɓatawa: "jirage marasa matuƙa", ba "jirage mara matuƙi" ba.

Wani Alhaji daga Kasuwar Barci: jirgin Shahed, shahidi ake nufi?

A'a, Alhaji. "Mai shaida" ake nufi, ko da yake tushen kalmomin biyu ɗaya ne a Larabci. Jirgi ne maras matuƙi ƙirar Iran, Rashawa kuma suna kiran nasu Geran, sunan wani fure.

Wani mai sauraro daga Rigasa: ya dace a ce jirgi ya yi "ƙunar baƙin wake"?

Ban yarda da wannan ba, kuma na daɗe ina faɗa. A labarin da muka taso muna ji, Baƙin Wake mutum ne da ya rungumi wanda ya zalunce shi suka faɗa wuta tare. Ko ka yaba ko ka tsine, ransa ya sa a ciki. Shahed-136 kuwa, wanda ya fara addabar Kiyef a watan Oktoban 2022, ƙaramin jirgi ne mai farfela a baya da bam a hanci, ƙarar injinsa kamar ta babur, shi ya sa mutanen can suke masa laƙabi da babur. Ba shi da rai balle ya sadaukar. Wanda ya aiko shi yana can nesa, ɗaruruwan kilomitoci, ko ƙurar ba ta taɓa rigarsa. Masu ƙuna su ne waɗanda suka kwana a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da jarirai a goye, da waɗanda aka ragargaza musu tashoshin lantarki ana tsakiyar hunturu. A ce "jirgi mai tarwatsewa" ya wadatar.

Ko "maras matuƙi" ɗin ma ina karɓarsa ne don ya riga ya zauna a baki. Matuƙi yana nan, a ƙasa yake zaune.

Wata 'yar jarida: "luguden wuta" fa?

'Yata, daga turmi ne. Kakata da kishiyarta sukan tsaya turmi ɗaya da taɓare biyu, wannan ta sauke, waccan ta ɗaga, wani lokacin a cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Turmin ba ya samun hutu. To bam ɗaya ba lugude ba ne. Sai an yi ta saukewa ba ƙaƙƙautawa, kamar yadda aka yi wa birnin Mariyupol na Yukiren a 2022.

Wani limami daga Igabi: mutane na cewa abin da ya faru a Tudun Biri tsautsayi ne, "tsautsayi ba ya wuce ranarsa". Daidai ne?

Allah gafarta Malam, wannan tambayar ta fi sauran nauyi a wurina, don ba Turai ba ce, ƙofar gidanmu ce. Daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojojin ƙasa na Nijeriya ya saki bam kan masu taron Maulidi a wannan ƙauye na jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, akwai mata da yara da yawa, rundunar kuma ta amsa cewa ita ce, bisa kuskure.

Karin maganar gaskiya ce, amma kowace karin magana da bakin da ya dace da ita. Uwar da ta rasa 'ya'yanta, in ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, tawakkali ta yi, Allah ya ba ta ladan haƙuri. Wanda ya danna maɓallin ba shi da hurumin faɗin haka. Tsautsayi shi ne katanga ta faɗo wa mutum da damina, ko tsawa ta sauka a gona. Kuskure yana da mai shi: wani ya duba, wani ya yanke hukunci, wani ya ba da umarni. Shi ya sa ake bincikensa, ake biyan diyya. Ku Malamai kun fi ni sanin hukuncin kisan kuskure, ba a taɓa cewa a shafe shi da sunan ƙaddara ba.

Hausa tana da lafazin da ya fi dacewa da irin wannan: "kan mai uwa da wabi". Wabi shi ne mace ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana. A fahimtata, ana nufin dukan da bai tantance kowa ba, ya sauka kan wanda ajali ke shawagi a kansa. Lafazin yana zargin mai dukan da rashin tantancewa, bai wanke shi ba.

Wani makaniki daga Panteka: me ya sa ake cewa an "kakkaɓo" jirgi?

Kamar yadda yara ke kakkaɓo mangwaro da gora ne, maigida. Wasalin ƙarshen nan, "o", shi ke nuna abin ya taho wajenmu, ƙasa. Ka lura da shi in kana jin labarai: jirgin da aka kakkaɓo a saman birni bai ɓace ba, tarkacensa da wutarsa kan rufin wani suke sauka.