Tambayi Malamin Lissafi: Alamar Ragi da Shingen Lambu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare. An ba mu aikin gida: (x+1)/3 − (x−2)/4 = 1. Na samu x = 14, malaminmu ya soke da jan biro. Ina na kuskure? Ɗaliba daga Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Da alama farkon aikinki daidai ne. Ƙaramar lambar da 3 da 4 ke raba ta ba saura ita ce 12, sai a ninka ko'ina da ita, har da 1 ɗin da ke dama, wanda ɗalibai da yawa ke mantawa: 4(x+1) − 3(x−2) = 12.

Wajen buɗe baka ta biyu kika zame. Ragin da ke gaban 3 yana hawa kan duk abin da ke cikin bakar, don haka −3 sau −2 yana ba da +6. Ke kuwa −6 kika rubuta, daga nan 14 ta fito. Daidai shi ne 4x + 4 − 3x + 6 = 12, wato x + 10 = 12, x = 2.

Ki riƙa mayar da amsarki cikin tambayar kafin ki miƙa takarda. Da kin gwada 14, za ki ga 15/3 − 12/4 = 2, ba 1 ba. Idan kuma x tana ƙasan layi, kamar 5/(x−2), ki fara rubuta cewa x ba za ta zama 2 ba, domin ba a rabawa da sifili.

Tambaya: Malam, da waya mai tsawon mita 40 za a kewaye lambu mai kusurwa huɗu da ke jingine da katanga. Wane awo ne zai ba da fili mafi girma? Ɗalibin ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare), Marwa.

Amsa: Ɗana, fara da zane. Katanga ta tsare gefe ɗaya, waya gefe uku kawai za ta bi. Gefen faɗi guda biyu ne, kowanne x, don haka tsawo 40 − 2x. Girman fili A = 40x − 2x². Deribe ɗinsa, wato ma'aunin yadda A ke canzawa idan x ta canza, shi ne 40 − 4x, yana zama sifili a x = 10. Kafin 10 yana sama da sifili, bayan 10 yana ƙasa, wato fili na ƙaruwa sannan ya ragu. Kada ka tsallake rubuta wannan a teburin alamomi (+ da −), shi ne hujjarka a wurin mai gyara.

Faɗi mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Da ka daidaita gefe ukun, kusan 178 kawai za ka samu.