Wa ke tabbatar da ciniki a bulokcen in babu banki?

Tambaya: Malam, ana cewa bulokcen ba shi da mai shi, to wa ke tabbatar da kuɗin da na tura ya isa? Kuma manhajojin da ake ɗorawa a kansa, su ma ba a cutar mutum a ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, a bulokcen dubban kwamfutoci ne kowace riƙe da kwafin littafin lissafi guda da ake rubuta duk ciniki a ciki, rigimar kawai ita ce wa zai rubuta shafi na gaba, kuma ya za a yi sauran su yarda ba tare da sun san shi ba.

A Bitcoin, tun 2009, masu mayinin, wato masu haƙar kuɗin da kwamfuta, su ne ke gasar cankar wata lamba, suna ƙona wutar lantarki ba kaɗan ba, wanda ya dace shi ke rubuta shafin, kusan duk minti 10, sauran su duba, in ya cusa ƙarya su yi watsi da shi, kuɗin wutarsa ya tafi a banza. Ethereum kuma a Satumbar 2022 ta bar wannan hanyar ta koma ta jingina: ka ajiye ETH 32 (ETH shi ne kuɗin Ethereum), tsarin ya riƙa zaɓo mai rubutu duk daƙiƙa 12, in ka sa hannu a shafuka biyu masu karo da juna a yanke maka daga jinginarka. Ka ga ba gaskiyar mutane aka dogara da ita ba, ha'incin aka tsawwala wa kuɗi. Ƙananan bulokcen ma an sha murƙushe su, Ethereum Classic ta gani a 2020 da wani ya tara fiye da rabin ƙarfin mayinin ɗinta.

Manhajojin nan kuwa, irin kwantiragin da ke riƙe da lissafin USDT (kuɗin intanet da aka ɗaura darajarsa a kan dalar Amurka), umarni ne da kowace kwamfutar ke gudanarwa ta samu amsa iri ɗaya, shi ya sa kake biyan kuɗin gas, wato kuɗin wannan aikin da kwamfutocin ke yi.

Amma fa nan mutane ke ruɗewa. Kwamfutocin sun yarda an bi umarnin ne kawai, ba su ce umarnin mai kyau ba ne. A 2016 wani ya samu ɓaraka a kwantiragin The DAO, wani asusun zuba jari na haɗin gwiwa a kan Ethereum, ya kwashe ETH kusan miliyan 3.6, bulokcen ɗin kuma ya karɓa tunda a ƙa'ida bai saɓa komai ba. To kafin ka haɗa walat ɗinka, wato ma'ajiyar kuɗinka, da wata manhaja, bincika wa ya rubuta ta, kuma wa ke da ikon sauya ta.