Malam, kada ka biya kuɗin antibairos ɗin nan tukuna

Wa'alaikumus salam Malam. Tun bayan la'asar na ga tambayarka, amma sai da na rufe shago na samu natsuwar amsawa, domin ina karantawa ina jin kamar labarina kake bayarwa. Ka ce ka sayi laftof ta hannu mai RAM 4, tana nauyi, ka kai filas ɗinka shagon fotokwafi, da ka dawo duk foldodin ciki sun koma shotkot, kuma wani ya ce ka kawo kuɗi ya sa maka antibairos mai ƙarfi wanda ba ya ƙarewa. Kana so ka san wanne za ka ɗauka tsakanin Avast da Kaspersky da Smadav. Don Allah kada ka ba mutumin nan ko sisi. Wannan maganar ta "ba ya ƙarewa" ita ce ta kusa tashin shagona.

Da daminar 2021 ne. Yawancinku kun san ɗan shagona da ke nan tsakanin Gumel da Maigatari, taifin da firintin da hoton fasfo da katin biki. Kwamfutar ta fara nauyi, sai na naɗe ta a zani na hau mota ta Gujungu zuwa Kano, wajen wani mai gyara da aka haɗa ni da shi. Yaro ne mai zaƙin baki, kafin ka gama magana ya ce maka Oga sau biyar. Ya yi mata fomatin, ya zuba Windows da Office da CorelDRAW, ya ƙara da wani antibairos, ya juyo min fuskar kwamfutar yana nuna min wai lasisinsa sai 2045 zai ƙare. A gabana ya shiga ya kashe Defender, antibairos ɗin da ke zuwa tare da Windows. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Oga, wannan rago ne, ba abin da ya iya sai hana mutum aiki." Na biya shi, har lemo na saya masa. Wannan lemon har yau yana min ciwo.

Sati uku da dawowa Office ya fara ƙorafin lasisi. Na kira shi, ya turo min wani adireshi ta WhatsApp ya ce in sauke abin da ke wurin in danna, kuma idan antibairos ya yi kuka in dakatar da shi na minti goma. Bai ma yi kukan ba. Ina zai yi, shi kansa na sata ne, tun ranar da aka sa shi bai taɓa sabunta kansa ba. Na danna, na rufe shago, na tafi gida.

Washegari Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, ranar da na fi ciniki. Na buɗe da wuri, na tayar da inji, na kunna kwamfuta. Sai na ga duk fayilolina sun zama farare fat, kowanne an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunansa. Na danna wannan bai buɗe ba, na danna wancan bai buɗe ba. A kowace folda akwai wata 'yar takarda mai suna _readme.txt. Na karanta ta sau uku kafin ta shiga kaina: an kulle komai, in biya dala 980, ko dala 490 idan na tuntuɓe su cikin awa 72. A canjin lokacin, ko mai rangwamen ta haura naira dubu 200. Duk kayan shagon, har da bencin, ba su kai haka ba. Filas ɗin da nake ajiye kwafi kuwa a jikin kwamfutar ya kwana, shi ma an kulle shi.

Daga baya na san sunan abin, STOP/Djvu. Tun wajen 2018 yake yawo, kuma babbar hanyarsa ita ce manhajojin sata, irin su kirak, wato manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, da abin kunna lasisi. Kamfanin Emsisoft yana da manhajar warware shi kyauta, na gwada, amma tana aiki ne ga waɗanda aka kulle da makullin da ba na intanet ba. Tawa kuwa tana kan data lokacin da abin ya shiga, don haka makullin yana hannun ɓarayin.

Ba hasarar kuɗin ce ta fi ƙona ni ba. Akwai wani ɗalibin kwalejin ilimi ta Gumel da na gama masa taifin firojet, babi biyar, ranar Litinin zai miƙa. Ya iso da hantsi a kan mashin ɗin aro, da kuɗin firintin a ninke cikin aljihun gaba. Da na faɗa masa, bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Zama ya yi a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon ƙasa. Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Allah ya taimaka rubutun hannunsa yana nan, na kwana huɗu ina sake bugawa da man inji daga aljihuna. Sakamakon jarrabawar wata Islamiyya ya tafi, takardun cinikin gonaki da na buga wa mutane sun tafi. Sai hotunan mahaifina, Allah ya jiƙansa, har da na ranar da ya dawo daga Hajji. Na kwashe su daga waya na zuba a kwamfuta don ina ganin a can sun fi tsira. Yanzu hotonsa ɗaya ya rage mana, na jikin katin zaɓe. Ranar da Inna ta ce in wanko mata na Hajjin, na rasa bakin magana.

Shi kuwa gogan mai gyaran, da na kira shi cewa ya yi, "Oga ai ƙaddara ce, kawo ta a sake fomatin, zan rage maka." Zai rage min! Na sake kashe kuɗin mota na je har shagon. A gaban yaransa da kwastomomi ya ce wai ƙila shafukan banza nake shiga da dare. Ni da gemuna, da 'ya'ya biyar. Na nuna masa saƙon da ya turo min da hannunsa, ya ce ai kowa shi yake turawa kuma ba wanda ya taɓa dawowa da kuka. Kafin in iso tasha ya toshe lambata. Na bar shi da Allah, amma ban ce na yafe ba, kuma har gobe idan na tuna yadda yaran nan suka yi dariya sai in ji abinci ya fita raina.

To, mu dawo kan taka. Na farko, kwantar da hankalinka, fayilolinka ba su ɓata ba. Bairos ɗin shotkot ɓoye su yake yi, ya ajiye na bogi a madadinsu, kuma duk lokacin da ka danna na bogin kana ƙara yaɗa shi ne. Kada ka sake danna ko ɗaya. Ka bincike filas ɗin da antibairos tukuna, sannan ka buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin naka filas ɗin a gurbin E. Za ka ga foldodinka sun fito. Ka kwashe na gaskiyar, ka yi wa filas ɗin fomatin.

Idan Windows 10 ko 11 ce a kan laftof ɗin, kana da antibairos tun fil azal, kyauta, na halal: Microsoft Defender ɗin nan da aka ce min rago ne. Akwai wata cibiya a Jamus, AV-TEST, da wata a Ostiriya, AV-Comparatives, aikinsu gwada waɗannan manhajoji, kuma shekarun nan Defender yana fitowa a sahun gaba tare da na kuɗi. Ni shi nake amfani da shi tun bayan abin nan. Ka shiga Windows Security ka duba ko a kunne yake, domin masu sayar da laftof ta hannu da yawa suna kashe shi don kada ya goge musu kirak. Idan ka ga ya ƙi kunnuwa sam alhali babu wani antibairos a kanta, to ƙila an lalata shi, gara a sake Windows ɗin gaba ɗaya, kana zaune a wurin. A cikin Windows Security kuma akwai Controlled folder access, ka kunna shi. Yana hana baƙuwar manhaja taɓa foldodinka. Wani lokaci yana takura har ga manhajar kirki, sai ka ba ta izini da kanka, amma da ina da shi a daren nan ƙila da ba wannan labarin nake ba ka ba.

Smadav ɗan Indonesiya ne, ba shi da nauyi, kuma a kan cutar filas yana ƙoƙari. Amma masu shi ma a matsayin ƙarin kariya suke tallata shi. Ɗan rakiya ne, kada ka ɗora masa gadin gida shi kaɗai. Yana zama lafiya tare da Defender. Abin da ba a yi shi ne haɗa manya biyu, kamar Avast da Kaspersky a kwamfuta ɗaya. Kishiyoyi ne, a RAM 4 kuwa sai ka ɗora shayi ka dawo kafin Word ya buɗe.

Kaspersky na Rasha ne, yana da kyau wajen kama cuta. Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 saboda dalilan tsaronta, wannan tsakaninsu ne. Bitdefender da ESET ma masu kyau ne. Sai dai cikakkunsu duk kuɗin shekara-shekara ne, kuma farashinsu yana bin dala. Wanda ya ce maka yana da na har abada a dubu biyu ko uku, ka san kayan sata ne. Avast yana da na kyauta, amma talla ta yi masa yawa, kuma a 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Ni dai ban ga abin da zai ba ka wanda Defender bai ba ka ba.

Matsalarmu ta ƙauye ita ce sabuntawa. Antibairos da ya yi wata shida bai sha data ba, kamar maigadi ne da ya san ɓarayin bara kaɗai. Ko sau ɗaya a mako ka haɗa ta da waya, da datar dare idan sabis ya yi kyau. Idan garinku ba sabis, akwai fayil a shafin Microsoft mai suna mpam-fe.exe, ya haura megabait 100, ka sauke ranar da ka shiga gari ka zo ka danna. In kuwa Windows 7 ce, tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyara, kuma Defender ɗinta ba cikakke ba ne. Ita ma Windows 10 an daina tallafa mata a 14 ga Oktoban 2025, ko da yake Defender ɗinta yana ci gaba da samun sababbin bayanai.

Nauyin da ka ce tana yi kuma, ba lallai bairos ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, ta yi zafi ta riƙa ja da baya. Tawa da aka buɗe, abin da aka ciro kamar audugar katifa. Kuma ka hana ƙannenka zuba mata wasan ƙwallo daga filas ɗin abokai. Af, kuma babu antibairos da zai cece ka idan wani ya kira ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Maƙwabcina mai POS ta haka aka kwashe shi, wayarsa kuwa tsaf take.

Ni yanzu filas biyu gare ni. Ɗaya na yawo, shi ke shiga kwamfutocin mutane, ba na ajiye komai mai daraja a kansa. Ɗayan duk Juma'a nake kwafe aiki a ciki, in zare shi, in sa a gwangwanin alawa cikin akwatin uwargida. Hotunan iyali kuma na tura su Google Drive, gigabait 15 suke bayarwa kyauta.

Ka duba ka gaya min wace Windows ce a kanta, da abin da ka gani a Windows Security, kore ne ko ja. Idan kana shigowa Maigatari ranar Alhamis, ka biyo da ita da filas ɗin bayan azahar, lokacin layi ya ragu. Ka taho da cajarta, tawa ba ta shiga kowace laftof.