Ninka rodi ba zai hana filin jirgi rushewa ba

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Ina ajin ƙarshe a jami'a, aikin kammala karatuna zanen filin jirgin sama ne da zai haɗa tashar jirgin ƙasa da ta mota wuri ɗaya, kuma ya jure girgizar ƙasa. Wani magini ya ce in ninka rodi in ƙara wa ginshiƙai kauri shi ke nan. Wallahi tsoro nake kar in zana abin da zai rufto wa mutane.

Amsa: Ƙanena gara da ka tambaya, don maganar nan ta "a ƙara rodi" kullum sai na ji ta a bakin ƴan kwangila har na gaji. Ka san ƙarfin da girgiza ke buga wa gini yana tafiya ne da nauyinsa, to ka lafta kankare ka ƙara nauyi, ka kuma sandarar da ginin, ranar da ƙasa ta motsa ba zai lanƙwasa ba, karyewa zai yi farat ɗaya babu ko tsagewar gargaɗi. Abin haushin ma, masu cika dogayen rodin su ne ke ƙwauron zobe, wato ƙananan rodin da ke zagaye dogayen suna ɗaure su, ka ga tazara kusan taku guda a mahaɗar ginshiƙi da bim (kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai), bakin zoben ko lanƙwasa shi ciki ba a yi ba, alhali daga nan ginin ke fara ɓarewa. Gwajin ƙasa kuwa sai su ce ɓarnar kuɗi ne. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe cebur yanzu sunansa injiniya, COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ba ta ma san da zamansa ba.

Ka duba filin jirgin Sabiha Gökçen na Istanbul da aka buɗe sabon gininsa a 2009, an ɗora shi ne kan faya-fayan ƙarfe masu zamewa kusan 300, ƙasa na girgiza a ƙasa ginin na lilo a hankali a sama. Filin jirgin Kansai na Japan ma da mahaɗai masu zamewa ya tsallake girgizar Kobe ta 1995.

Amma Kansai ɗin nan, a guguwar Jebi ta 2018 jirgin ruwan dakon mai ya daki gada ɗaya tilo da ke ɗauke da titin mota da layin dogo zuwa filin, dubban mutane suka maƙale. To kar ka rataye jirgin ƙasa da motoci a hanya ɗaya, kuma ka bar rata tsakanin ginin tasha da na fasinjoji don kar su riƙa karo. Titin saukar jirgi ma gini ne, na Hatay a Turkiyya tsagewa ya yi a girgizar 2023. Rufi kuma ka yi shi marar nauyi, ka rage siminti, ka samu wurin shimfiɗa sola.

In maginin ya ce ai mu ba ma girgizar ƙasa, ya tambayi mutanen Mpape a Abuja abin da suka ji a Satumbar 2018.