Dukushin da ka sayo a Maigatari

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, na karanta wa innarka muka yi ta dariya, amma da na kwanta abin ya tsaya min a rai. Wai ka sayo dukushi a Maigatari ranar Alhamis, dillali ya ce ya shekara biyu, kana so ka hau shi a hawan angwancin abokinka bayan ƙaramar sallah, kuma kana tambaya ko dole ne sai an bi al'adar tsofaffi ta fara ɗora yaro ƙarami, tunda ka ga wani a TikTok ya ɗaura sirdi ya haye rana ɗaya. Toh. Shi mai bidiyon ya nuna maka ranar da aka kwashe shi a ƙasa?

Kafin komai buɗe bakinsa ka duba, rabu da maganar dillali. Haƙoran nono na tsakiya suna faɗuwa ne wajen shekara biyu da rabi, na gefensu uku da rabi, na ƙarshe huɗu da rabi, sai ya kai biyar baki ke cika. In ƙananan fararen nan duk suna nan ko ɗaya bai fita ba, jariri ka sayo, ka ba shi harawa da dusa da ɗan kanwa ka ƙyale masa bayansa. Ƙashin baya shi ne na ƙarshen ƙosawa a jikin doki, kai kuma masha Allah na ga hotonka na ɗaurin aure, ga sirdinmu da katakonsa da jalala da likkafa shi kaɗai ma kaya ne.

Kakanka ba ka riske shi ba, amma wansa da muke kira Baba Babba shi ke riƙe da bargar hakimin garinmu. Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, akwai wani dukushi hurde, wato mai dabbare-dabbare, da aka haifa a gidan, a lokacin ya haura shekara uku. Tun yana bin uwarsa Baba ke shafa shi, kunne, ciki, ƙarƙashin wutsiya, ya ɗaga ƙafa ya ƙwanƙwasa kofato ya ajiye, mu yara muna ganin tsoho ya rasa aikin yi ne. Daga nan ragama, a ja shi kilisa da yamma a bayan wata tsohuwar goɗiya da ko bindiga aka harba ba ta ɗaga kai. Sai buhu ba komai ciki a bayansa, sai buhu da ɗan yashi, sai igiya a ciki ana ƙara matsewa kaɗan kaɗan. In makaɗa sun zo gaisuwa a kafa masa turke kusa da ƙofar gida ya sha kalangu da algaita har ya gaji da zabura. Damina guda da kaka suka wuce a haka ba wanda ya hau.

Ranar hawan ba zan manta ba. Bayan la'asar ne da sanyin hunturu, aka gangara da shi kogi, ruwa ya janye sai rairayi mai zurfi, ƙafa na nutsewa har idon sawu. Ni aka zaɓa don duk cikin yaran gidan na fi rashin nauyi, innata ba a gaya mata ba sai da aka dawo. Babu sirdi babu linzami, ragama ce kawai a hannun Baba, goɗiyar nan na tsaye a gefe tana gyangyaɗi. Wani ya ɗaga ni ya kwantar da ni rub da ciki a gicciye, fuskata a jikin haƙarƙarinsa, ina jin fatarsa na rawa kamar ƙuda ya sauka masa, ga zuciyarsa bal bal bal, ko tawa ce ma oho. Aka sauke ni, aka mayar, aka sauke, aka mayar. Da Baba ya ga ya saki wutsiya ya fara lasar leɓe sai ya ce in tsallaka ƙafa a hankali kar dunduniyata ta taɓa ƙugunsa. Ina zama ya yi tabarya sau ɗaya, ya diro ya nemi tutsu, rairayi ya riƙe masa ƙafa, ni ko na cusa yatsu cikin gezarsa ina salati. Baba ko murya bai ɗaga ba, magana kawai yake masa ƙasa ƙasa. Ya ja shi taku kaɗan ya ce sauko, an gama. Na ce Baba shi ke nan? Ya ce doki abin da aka tashi a kai yake kwana da shi, in ka sauka yana cikin natsuwa gobe da natsuwa zai tarbe ka. Wata maganarsa kuma da ya sha faɗa, wai bakin doki sau ɗaya ake ɓata shi. Shi ya sa linzaminmu mai zobe ɗin nan sai can daga baya hurde ya ɗanɗana shi.

Ku yanzu komai sai a ranar. Ina ganinku a titi bayan sallah, yaro ya ari doki ya dinga zabga masa bulala a kan kwalta, babura na hon ta ko'ina, baki duk jini da kumfa, ana ɗauka a waya ana tafi. In an yi magana ku ce ai hawan Kano har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a kundinta a 2024. Ta sa, amma dawakan da kuke gani ranar hawan Daushe suna ratsa 'yan bindiga ko gezau, ka je ka tambayi masu bargar shekara nawa aka yi ana fama da su.

Maganar ko dole ne yaro, ni dai ban taɓa jin an ce farilla ba ce, kuma yaran yanzu iyayensu mata ba za su yarda ba ma. Bikin abokinka kam ka nemi aron babban doki wurin masu haya. Ka turo min hoton haƙoran da na ƙafafunsa ta gaba, da rana ba da fitilar waya ba, kuma kar ka sayi linzami tukuna sai na zo na gan shi da idona. Ka gaida min mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar tawa da sauƙi.